Baƙar Kwamfutar da Na Zaɓa wa Buba

Ku da kuke zama bakin shagon ga kuna cajin waya, ina jin abin da kuke faɗi in na ba da baya. Wai aikin Ladan ba aiki ba ne: ya kwance noti, ya hura iska, ya ɗaure. Wai duk wanda ya kalli bidiyo a waya ya iya. Wani cikinku har cewa ya yi in ya samu jari za shi buɗe nashi shagon, ya riƙa sayar wa ɗalibai kwamfuta, tunda abin bai wuce a ce musu wagga ta fi waccan ba. To ku gyara zama. Yau hadari ya rufe rana, sola bai ja komai ba, babu abin da za ni kunna. Bari in gaya muku yadda sana'ar take.

Kwamfutar farko da na taɓa buɗewa matacciya ce, kuma na ƙara mata mutuwa. Kafin nan rediyo nike gyarawa a kasuwar Isa, daga baya waya ta shigo na koma kanta. Da na ga yaranmu sun fara tafiya manyan makarantu, ana cewa kowa ya zo da kwamfutar cinya, sai na tattara na tafi Sakkwato wurin wani Maigida Isuhu, mutumin Maraɗi ne da ya daɗe a birni yana wannan aiki. Na je ina ganin kaina gwani. Ya miƙo mini wata, na sa sukudireba na ɓanɓare ta kamar rediyo, haƙoran robar da ke riƙe da murfin sunka kakkarye ina jin ƙararsu. Bai yi faɗa ba. Ya zare sukudireban daga hannuna, ya ba ni wani tsohon katin waya na roba, ya ce da wannan ake raba murfi da murfi. Damina ta zo ta wuce bai bari na taɓa mai rai ba. Aikina share fanka da buroshi, jera noti cikin faranti yadda na kwance su, da riƙe mita yana gwada wuta.

Wata rana ya ajiye matattu biyu gabana. Ɗaya baƙa ce, mai kauri, kamar allon da anka shafa wa baƙin tukunya. Ɗayar fara ce mai ƙyalli, siririya, in ka gan ta sai ka so ɗauka. Ya ce in buɗe su duka in duba wurin da murfi ke juyawa, abin da muke kira hinji. Na duba. Na baƙar, notinshi cikin ƙarfe ya shiga. Na farar, cikin roba.

Ya ce, "Ka gani? Wagga ta ofis ce. Kamfanoni ke sayenta da yawa su raba wa ma'aikata, su yi shekaru suna bugunta. In wani abu ya mutu, mai gyaran ofis ya buɗe ya cire ya sa sabo. Waccan ta kanti ce. An yi ta don mutum ya gan ta cikin gilashi ya so ta. Kamfani guda na iya yin su duka biyu, tambari guda, amma ba dangi ba ne."

Duk abin da na koya bayan nan kan wagga magana ya hau. Ta ofis in ka juya ta, noti ne ƙalilan, murfin ya fita, ga komai a fili: ga ram mai sa ta sauri, ga had dis mai ajiyar takardu, ga batir da za ka zare da yatsa. Kibod ɗinta in shayi ya zuba yana da hanyar da za shi bi ya fita ta ƙasa. Kayan gyaranta kuwa sun cika kasuwa, don an yi su da yawa. Ta kanti, musamman na yanzu, ram ɗin a liƙe yake da dalma jikin fanel, wato babban allon wuta na ciki, batir an manna shi da gam, kibod an narkar da roba an haɗe shi da murfi. Abu guda ya mutu, rabin jiki za ka canza.

Rabi 'yar Kamarawa ta kawo mini irin wannan bayan na dawo na buɗe shago nan Sabon Birni. Karatun jinya take, yayanta ya sayo mata sabuwa fil daga Kano, mai launin azurfa. Zango guda ta yi da ita. Ɗakinsu na makaranta cike yake da 'yan mata, kowa na aro, kowa na ɗaga murfin ta kusurwa guda. Ranar da ta kawo ta, hinjin ya tumɓuke robar gaba ɗaya, ya tsage gefen gilashi, wayar sikirin na reto a waje. Jarrabawa ta matso, takardunta duka na ciki. Babu murfin irinta a Sakkwato, na tambaya. Sai na huda bayan murfin na ratsa ƙananan noti, na sa ɗan ƙarfe daga waje na ɗaure. Ta yi aiki, amma kawunan notin na nan waje kamar ƙofar kwano. Rabi ta juya ta ta juya, ta ce, "Baba Ladan, haka za ni shiga aji da ita?" Na ce haka, ko ki shiga babu ita.

Kada ku ɗauka ina cewa ta kanti ba ta da amfani. Sabuwa ce, babu wanda ya wahalar da ita kafin kai. Ba ta da nauyi, sikirin ɗinta ya fi haske, sautinta ya fi daɗi. Yaron da ke zaune gidan iyayenshi a birni, yana da tebur, yana da wuta mai hankali, babu mai aro, ta ishe shi. Ta ofis ma tana da nata sharrin, don mu nan ba sabuwa muke samu ba, sai wadda Turawa sunka gama da ita. Batirin wata ya gaji. Wata an kulle ta tun daga can da lambar sirri wadda babu mai buɗewa, ka saya ka yi asara. Waɗanda ke shigowa ta Maraɗi kuwa kibod ɗin Faransanci gare su, inda ka saba samun wani harafi sai ka tarar da wani. Akwai kuma waɗanda anka fesa wa fenti, ciki ya sha ruwa. Shi ya sa ba na sayarwa sai na buɗe na shinshina. Fanel ɗin da ya taɓa ƙonewa warinshi ba ya ɓoyuwa.

Saboda haka in ɗalibi ya zo ba na fara nuna mishi kaya. Tambayarshi nike mi yake karantawa, ina yake kwana, wa za shi riƙa aro, da injin wa za shi yi caji. Sannan in tambaye shi sau nawa za ta hau motar Sakkwato, cikin jaka, ƙarƙashin buhun gero. Yawancin yaranmu in sun amsa, ta ofis nike miƙa musu. Suna ɓata rai, iyayen na murna.

Haka Buba ya zo. Ɗan Jaɓɓi ne, wani dattijon Bafillace daga wajen Turba, masu shanu kuma masu noma, gidan da kowa ya san kakanninsu. Buba na karatun lafiyar dabbobi, ya shiga shekarar ƙarshe, ana son ya rubuta furojet, aikin binciken kammala karatu. Tare da uban sunka zo ran kasuwa. Jaɓɓi ya zauna kan bencin ga da kuke kai, sandarshi tsakanin gwiwoyi, ya ce, "Malam Ladan, ni ban san abin ga ba. Na san dai saniyar da ke jure tafiya da wadda ba ta jurewa. Ka ba shi mai jure tafiya."

Idon Buba na kan wata ja mai ƙyalli da ke cikin gilashi. Na bar shi ya ɗauka ya shafa. Sannan na tambaye shi yadda aikin nashi yake. Ya ce ruga-ruga da ƙauye-ƙauye yake bi kan babur, yana duba shanun da ciwon huhu ya kama, yana yi musu allura, yana ɗaukar hoto. Na ce to ajiye wannan. Na jawo wata baƙa daga ƙasan tebur, cikin waɗanda sunka zo ta Maraɗi, jikinta ƙarfe, gefenta ya ɗan koɗe. Na nuna mishi wurin da ake ɗora yatsa ta buɗe. Na zare batir na nuna mishi wata 'yar kafa a ɓoye.

Na ce, "Nan ake sa sim. Ba ka buƙatar waya, ba ka buƙatar komai. Ko cikin daji kake, in dai da sabis, za ka aika wa malaminka aiki."

Wannan ne ya saye zuciyarshi. Ni ma ina alfahari da shi lokacin, don ba kowace ke da shi ba, kuma duk wadda na samu mai irinshi ɗalibai nike ajiye wa. Na manna takardar shagona a ƙasanta yadda nike yi wa kowace, sunka tafi.

Mugunyar shekarar kun san ta, ko da wasunku ba su yi wayo sosai ba. Mutanen daji sunka matsa. Yau a ce an shiga ƙauye kaza, gobe a ce an tare hanya an kwashe mota guda. Gonaki na nesa anka bar su. Sai gwamnati ta yanke sabis na waya duk yankin ga, anka rufe kasuwannin mako, anka hana sayar da mai a jarka, babur ma sai da dabara. Shagona ya zama ɗakin ajiya. Babu mai gyara waya tunda ba ta kira. Ina zuwa da safe in buɗe, in share ƙura, in zauna ina sauraren hanya. In mota ta shigo gari da gudu kowa sai ya miƙe. Abin da ya fi bindiga ban tsoro a lokacin shi ne kalma guda, infoma. Mutane sun tabbata akwai masu gaya wa 'yan daji wa ya sayar da sa, wa ya dawo daga birni. Kuma akwai su ɗin. Amma babu mai sanin ko su wane ne, don haka kowa na kallon kowa. Mutum ya cika fita bayan gari, ko a ga waya biyu hannunshi, ya isa. Na san waɗanda anka tafi da su kan zato, ba su dawo ba.

Sabis guda ya rage, na Nijar. In ka matsa arewa ka hau tudu, da sim ɗin can, kana samun ɗan abin da za ka kira. Mutane na zuwa a ɓoye, su yi magana da sauri, su sauko.

Wata ranar Talata da hantsi ina zaune, wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya ƙofar shago. Mutum biyu sunka sauko, 'yan sa-kai, da bindigogin toka da layu a damtse. Ɗaya ya ce, "Kai ne Ladan mai kwamfuta?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ɗauko kayan aikinka. Dogo na kiranka Kurawa." Ban tambayi dalili ba. Na ɗauki sukudireba na bi su. Maƙwabcina tela yana kallo, sai ya sunkuyar da kai kan kekenshi. Muna wuce gonakin da dawa ta ƙosa babu mai yanka.

Gaban makarantar firamare anka tsaya, wadda 'yan gudun hijira sunka cika azuzuwanta. Ƙarƙashin wata itaciyar bedi mutane sun yi da'ira. Tsakiya wani saurayi na zaune a ƙasa, hannuwanshi ɗaure ta baya, fuskar ta kumbura har ido guda ya rufe. Ban gane shi ba sai da na ga abin da ke kan benci. Baƙar kwamfutar ce, kusurwarta guda ta lotsa, ƙasa ta shiga ramukanta. Babu wanda ya zauna kusa da ita.

Daga baya na ji yadda anka yi. Su Jaɓɓi sun taso daga Turba bayan an kore musu rabin garke, sun raɓe wurin dangi kusa da Kurawa. Makaranta na jiran aikin Buba. Ya samu sim ɗin Nijar ya sa, ya hau tudu ya zauna gindin itace yana aikawa. Kwana kaɗan kafin nan an shiga wani ƙauye kusa, an kashe mutane an kore shanu. Masu sintiri sunka hango Bafillace shi kaɗai a tudu da na'ura a cinya. Da ya gan su ya tashi da gudu, wani ya make shi, kwamfutar ta yi sama ta faɗi kan dutse.

Dogo, shugaban 'yan sa-kan, dogo ne kamar sunan, mai furfura, muryarshi ba ta tashi. Na san an kashe mishi ɗa a gona farkon damina. Ya juya kwamfutar da bakin adda ya nuna takardar shagona.

"Kai ka sayar mishi?"

"Ni ne."

"Mun caje shi, babu waya jikinshi. Amma an gan shi shina magana da wani ta cikin abin ga. Ta ina?"

Da zan iya ƙarya da na yi, amma duk wanda sunka kira bayana za shi gano. Na zare batir, na sa farce na jawo sim ɗin na ɗaga. Sai na ji da'irar ta matso.

Wani ya ce, "Ashe ɓoye shi anka yi."

Na ce, "Ba ɓoyewa ba ne, haka anka ƙera ta."

Dogo ya ce, "Ɗan ƙanena na da kwamfuta. Tashi ba ta da wannan. Don mi?"

Na fara bayani, cewa tashi ta kanti ce, wagga ta ofis ce, a ƙasar Turawa ma'aikaci na cikin jirgin ƙasa yana aiki, shi ya sa anka yi mata wurin sim. Ina faɗi ina jin yadda maganar ke fita kamar tatsuniya. Wa ya damu da jirgin ƙasan Turawa a wurin da anka binne mutane shekaranjiya? Na lura ba Buba kaɗai suke kallo ba yanzu. In ta tabbata na'urar leƙen asiri ce, to ga wanda ke sayar da su tsaye.

Dogo ya ce, "Kunna ta mu gani."

Na mayar da batir. Na dubi wurin da ta lotsa. Na san in da jar nan ce ta cikin gilashi, irin wagga faɗuwa ta raba ta biyu, kuma babu abin da za a nuna wa kowa. Wagga ma ban da tabbas. Na danna. Shiru. Na ji wani ya gyara bindiga a kafaɗa. Sai fanka ta yi tari, ta tofo ƙura, haske ya kawo.

Anka kwance hannun Buba guda don ya ɗora yatsa. Igiya ta kumbura yatsun, sun yi jini. Ya ɗora, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Wani daga baya ya ce abin ma ya ƙi shi, ba tashi ba ce, ta iyayen gidanshi na daji ce. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Buba, gaya mini lambar." Da ƙyar leɓenshi ya motsa. Sunan saniyar innarshi ne, Daneye. Na buga, ta ce ba daidai ba. Na sake, ba daidai ba. Gumi na ɗiga kan kibod. Sai da na tsaya na dubi yatsuna na tuna ta Maraɗi ce, harafin da nike nema ba nan yake ba. Na bi su ɗaya ɗaya da yatsa guda kamar ɗan koyo. Ta buɗe.

Babu komai a fuskarta sai rubuce-rubucen Turanci da wurin hotuna. Dogo ya ce hotunan. Na buɗe. Shanu ne. Garke bakin rijiya, garke a makiyaya, saniya kwance, sa an buɗe mishi baki. Ina dannawa suna wucewa, kuma kowane hoto ƙara nauyi yake, don kowa na ganin abin da nike gani: ga wanda ke yawo ƙauyuka yana ɗaukar hoton dukiyar mutane.

"Tsaya."

Wani gajeren mutum ne ya faɗa, Tanko, daga ƙauyen da anka shiga. Ya kutso ya sunkuya kan sikirin. Wani jan bijimi ne mai karyayyen ƙaho.

Ya ce, "Wanga nawa ne. Shi sunka fara kwancewa."

Buba ya buɗe baki, wani ya ce ya rufe. Na ga mutum biyu sun kama igiyar sun ɗaga shi tsaye. Matan da ke leƙe ta tagogin aji sunka janye yaransu ciki. Dogo bai dubi kowa ba, ya ce da ni, "Ci gaba."

Ban san abin da ke gaba ba. Ban taɓa ganin hotunan ba. Na danna maɓallin.

Bijimin ne dai, amma an ja baya. Ga Buba cikin farar riga da hular kaba, yana soka allura a wuyan sa. Ga wani ya riƙe hancin bijimin da hannu biyu, hularshi ta karkace, yana dariya har haƙora waje. Tanko ne.

Ya daɗe yana kallo. Ya juya ya dubi saurayin da ke tsaye cikin igiya, ya sake duban hoton.

Ya ce, "Bara ne, da ciwon huhu ya shigo mana. Shi ya zo. Har fura matata ta dama mishi." Sannan ya ƙara a hankali, "Ban gane shi ba. Ni na fara bugunshi, ban gane shi ba."

Ba nan take abin ya mutu ba. Wani da anka kashe wa wa ya ce mai allura ma na iya zama infoma, wa ya fi shi sanin inda shanu suke? Wasu sunka goyi bayanshi. Dogo ya sa anka kira hedimastan makarantar, ya ce in buɗe abin da yaron ya aika daga tudu. Na buɗe, hedimasta ya karanta yana fassarawa. Malamin Buba ne ke faɗa, wai aikin ya makara, in bai iso ba sai baɗi. Ga amsar Buba yana ba da haƙuri, yana cewa garinsu babu sabis, kuma an kore musu shanu. Hedimasta ya bi sauran saƙonnin har ƙasa, babu wani abu sai irin wannan.

Dogo ya karɓi sim ɗin daga hannuna ya karya da haƙori ya tofar. Ya ce a kwance Buba. Ya ce Tanko ya raka shi har wurin ubanshi, kuma in wani abu ya same shi a hanya Tanko za a tambaya. Ni babu wanda ya ce da ni in tafi, babu wanda ya ce in tsaya. Na tattara kayana na bi bakin hanya da ƙafa har wata mota ta tsince ni.

Ran Juma'a bayan an sauko, Jaɓɓi ya zo shi kaɗai da kwamfutar cikin buhun taki. Ya rame. Ya ce Buba na kwance amma yana cin abinci, idon ya fara buɗewa, kuma da ya miƙe za a sa shi mota zuwa Sakkwato, ba za shi dawo ba sai ya gama. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Na ce ka ba shi mai jure tafiya, ka ba shi. An ce da dutse ta haɗu ta tashi. Abin da nike so, ka cire mata wancan abin."

Na kwantar da ita, na kwance murfin ƙasa. Wurin sim ɗin ba shi ne mai aikin ba, akwai wani ɗan kati a ciki da siraran wayoyi biyu ke kamawa, shi ke jawo sabis. Na ɓalle wayoyin, na kwance notin, na zaro shi. Bai kai faɗin yatsu biyu ba. Na ɗora mishi a tafin hannu. Ya kai shi kusa da ido, ya juya shi, ya auna nauyinshi.

"Wanga ne duka?"

"Shi ne, Baffa."

Ya ajiye shi kan tebur a hankali. Na ɗaure kwamfutar, na gyara kusurwar da ta lotsa gwargwadon iko, na kunna mishi ya ga tana aiki. Ya mayar da ita buhu, ya miƙe, ya kai ƙofa. Sai ya tsaya.

"Malam Ladan, akwai ɗiyan wasu da ka ba irinta?"

Na ce akwai.

"Suna nan gida, tunda hanya ta ƙi?"

Na ce yawancinsu suna nan.

Ya ce, "To su ma tudun za su hau."

Ya saɓa buhun ya tafi. Na zauna ina tuno su, wane ɗan gidan wane, wance 'yar unguwa kaza, waɗanda ke Isa da waɗanda ke ƙauye. Babu waya da za ni kira kowa. Na rufe shago, na sa sukudireba a aljihu, na fara da gidan da ya fi kusa.